Labaran da Gwaggo Take Ba Akuya

Cikin marka ne. Shekarar nan ruwa ya yi yawa, kuɗi ma an ce sun yi yawa a ƙasa, amma mu a Tafoki ƙararsu kawai muke ji, suna wucewa bisa titin Sheme cikin manyan motoci masu ɗauke da siminti da rodi. Samarinmu sun watse birane aikin gini. Ciyawa ta kusa kamo dawa tsawo, auduga ta rasa mai yi mata maimai. Duk wanda ka gani yana rataye da rediyo, amma tuwo bai ƙaru a akushi ba. Katangu suna jiƙewa suna zubewa, ba mai ɗaga su. A cikin wannan ruwa Allah Ya karɓi ran Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, da hantsi, kanta bisa cinyata. Nasa muke, kuma wurinSa za mu koma.

An yi mata sutura kafin azahar, tsakanin wani ruwa da wani. Maza suka dawo daga maƙabarta da taɓo har gwiwa. Mata suka cika tsakar gida, in yayyafi ya sauko a ja tabarmi zuwa rumfa, in ya ɗauke a dawo.

Matar liman ta ce, "Ta huta da yawo." Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Tsohuwa mai sayar da kuka, wadda suke bin kasuwanni tare tun ina amarya, ta zauna jikin rumbu tana kuka a hankali, tana cewa yanzu wa zai riƙa tsare mata wuri a mota. Wata ta tuna yadda Gwaggo ta zage ta a kan daddawa, ta yi dariya, sai kuma ta rufe fuska da mayafi.

Muna da wata maƙwabciya da magana ba ta kwana a cikinta. Ta duba ƙofa, ta duba mu, ta ce, "To ina 'yan kwalejin nata? Masu motoci da babura? Ta ƙarar da ƙafa a ƙofofinsu, ga shi yau ko ɗaya."

Mai kuka ta share hanci da bakin zane, ta ce, "Wa zai gaya masu? Mai gaya masun ce aka rufe ɗazu."

Ina bakin murhu lokacin. Maganar ta shige ni fiye da duk gaisuwar da aka yi mani ranar. Don ita na zauna nake wannan rubutu, kuma sai na koma baya kafin a gane dalili.

A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu da cinsa ko ciwonsa. Uban ma haka. Haka na iske iyayena suna yi, haka na yi. Gwaggo kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya rasu ta dawo gidan wanta, ita ta yi rainon maigidana. Ranar da aka yaye ɗana na fari ta goya shi ta wuce ɗakinta da ke kusa da zaure. Tun daga nan sunansa a bakina ɗan Gwaggo. Ita ta kai shi allo, ita ta tsaya da aka zo ɗibar yara boko ta ce a sa shi, ita kuma ta dafa kalwa damina da rani har aka saya masa akwati da bargo da ya ci jarrabawar kwalejin horon malamai can birni.

In an ba su hutu ba ya dawowa shi kaɗai. Abokansa na wannan yanki sukan biyo shi su kwana biyu kafin kowa ya wuce gida. Gwaggo ba ta wahalar da kanta da sunayensu, garuruwansu take kiransu da su: na Damari, Dogon Kankara, ɗan Sheme. Akwai wasu, amma waɗannan su ne 'yan ɗaki. Wasan kaka da jika suke yi da ita.

Dogo tun daga zaure zai ɗaga murya. "Amarya, yau me aka dafa wa ango?"

"Angon da ya zo hannu na dukan cinya? Duƙa ka shigo, kada ka tahi mani da rufin ɗaki."

Na Damari ya ce, "Rabu da shi, Gwaggo. Ni zan aure ki in na fara ɗaukar albashi."

"Kai da wuya kamar na zakaran da aka fige? Cinye tuwon nan tukuna, in ka yi nama a zo a yi magana."

Ni nake yin tuwon. In na kwashe sai in aje bakin ƙofarta in juyo, ta shigar da shi a matsayin nata. Ban taɓa shiga na zauna ba. Ina daga madafa ina jin dariyarsu ta cikin bango, ina tsintar muryarsa cikin muryoyin kamar mai tsintar tsakuwa a wake.

Suka gama, aka rarraba su makarantu. Shi aka ba shi wata firamare kusa da Faskari. Da albashinsa na fari ya saya wa Gwaggo 'yar akuya ja. Sai shekarar da gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi ta haɗa da na baya ta biya su gaba ɗaya. Duk malamin da ka sani ya sayi babur, shi ma ya saya. Wata tifa ta same shi a kwanar Sheme ranar kasuwa. Bai yi aure ba, an dai fara magana.

Gwaggo aka zo yi wa gaisuwa, don ita ce uwa. Ita ta yi kukan, nata da nawa. Ni ina ɗibar ruwa ina kai wa baƙi, in an ce mani ya haƙuri in ce da godiya in wuce. Abokansa sun zo duka, sun cika zaure har waje. An ce Dogo ne ya kama gaban makara, saboda tsawonsa har ta karkata. Daga nan kowa ya koma bakin aikinsa, gida ya yi tsit. Uban ba ya ambatonsa, ni ba na ambatonsa, ƙannensa mata suna ganin fuskokinmu suka koyi yin shiru. Aka tura akwatinsa ƙarƙashin gado. In baƙo ya shigo zai ɗauka ba a taɓa haihuwar namiji a gidan ba.

Bayan arba'in Gwaggo ta koma bin kasuwa da kwandon daddawarta. Ranar da ta fara fita, ta dawo da la'asar, ta aje kwando, ta sha ruwa, ta jawo kujera 'yar tsugunno kusa da turken akuyar nan da ke gefen madafa. Ta juya mani baya. Ina tankaɗe.

"Ke Ja," ta ce da akuyar, "yau na ga uwar ɗan Sheme, lafiyarta lau sai ciwon ido. Ta ce ɗanta zai bar koyarwa, wai ya tahi Ikko aikin tashar jirgin ruwa. Na Damari kuma na gan shi ya zo sayen alli, an sa mashi rana, ɗiyar kawunsa ce. Ya sayar da babur ɗinsa, ya koma keke. Ya ce in gaya maki, wai a makaranta ɗana ke tashinsu sallar asuba, wanda ya ƙi tashi sai ya ɗiga mashi ruwa cikin kunne. Kin ji mugun yaro."

Da fari na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa tsohuwa. Sai na ga rariya ta tsaya a hannuna, na kuma ga ba ta ci gaba ba sai da ta ji na koma tankaɗe. Nan na gane. Ba ni da halin tambaya, kuma in ta fuskance ni ta yi mani zancensa dole in tashi in bar wurin. Akuya kuwa ba ruwanta da kunya.

Haka muka yi shekaru. Duk kasuwar da ta ci, Sheme ko Sabuwa ko Kankara, sai ta ratse gidan wani daga cikinsu, ko gidan iyayensa, ko ta tare wanda ya san shi. Tana da tsarinta na ba da labari, ba ta saɓa shi. Lafiya ce farko, sannan aure da haihuwa, sannan aiki. Rasuwa tana ƙarshe, kuma ba ta faɗinta a tsaye, sai ta sha ruwa, mai ji ya zauna. In aka tare ta da cewa wane ya sayi mota, sai ta ce, "Mota ba lafiya ba ce. Yaya uwarsa?" Daga bakinta na ji wanda aka ƙara wa girma ya zama hedimasta, da wanda ya tafi ƙaro karatu ƙasar waje ya dawo da wando mai faɗin ƙafa, da wanda ya saki matar ƙauye ya auro ma'aikaciyar asibiti, da wanda kwalba ta kama har aka sallame shi. Wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba, amma na san 'ya'yansu da wanda ya fara haƙori da wanda ya yi tafiya.

A ƙarshen kowane labari kuma akwai guntun wani abu nasa. Ashe abin da take zuwa karɓowa ke nan. Ba ta barin ɗayansu sai ya tuno mata wani abu. Daga nan na san ɗana shi ke tsaron gida in suna ƙwallo, kuma ba ya sa takalmi. Na san an taɓa yi masa horo don ya gasa masara bayan ɗakin kwana. Na san yana jin tsoron allura, ya taɓa ɓuya cikin gonar makaranta ranar da masu lambar rigakafi suka zo. Yaron da na haifa ban san shi ba sai da ya mutu, kuma a bakin tsohuwa da akuya na san shi.

Sau ɗaya na taɓa sa baki. Ta gama labari tana shirin tashi, sai na ji kaina ina cewa, fuskata wajen akuyar, "Ko yana ƙoshi a makarantar nan?"

Gwaggo ba ta waiwayo ba. Ta sosa wuyan akuyar, ta ce, "Wannan sai na tambayo."

Da ta dawo daga kasuwar Sabuwa ta gaba, ta ce, "Ke Ja, na Damari ya ce abincin makaranta ba daɗi amma ana ƙoshi. Ya ce kuma wata rana suna yabon tuwona, ɗana ya ce masu ku daina wahalar da bakinku, tsohuwar nan ba ta iya miya ba. Wai ya san hannun mai yi. Kin ji butulci, ni da na goya shi."

Ranar miyar gidanmu ta ƙone.

Wani abu da na lura da shi, ban kuma taɓa faɗa ba: duk ranar kasuwa da la'asar maigida ba ya rasa aiki bayan dangar da ke jikin turken. Ko ƙotar fartanya ta yi sako-sako, ko igiya tana son tufka. In Gwaggo ta fara magana sai bugun ƙotar ya ragu.

Kada wanda bai san ta ba ya ɗauka mace ce mai sanyi. Bakinta da kaifi. Tana cusa garin taba a leɓe, ta tofar inda ta ga dama. In ta ari faifai ya zama nata. Maƙwabta sun san ba ta ƙara ko ɗan gutsuren daddawa a kan abin da aka saya, komai zumunci. Ni kaina ta sha ce mani sanyina ya yi yawa, wai ko kaza ta taka ni sai na ba ta haƙuri. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan hedimasta, ita ta je ta samu maigida, ta dawo ta ce mani, "Tunda ba ki da baki, je ki nemo hannu."

Rigimar da suka yi da maigida a kan Dogo ce. Dogon Kankara ya bar koyarwa lokacin da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta, ya kama kwangilar gina azuzuwa. Nan da nan ya je Makka, ya gina gida mai ƙofar ƙarfe da maigadi. Da matarsa ta haihu, Gwaggo ta ƙulla daddawa da kuka ta tafi suna. Maigadin bai san ta ba. Ya ga tsohuwa da kwando da zane mai ƙaurin hayaƙi, ya nuna mata inda maroƙa suke. Ta aika a gaya wa Alhaji amaryarsa ta Tafoki ta zo. Aka fito mata da turmin atamfa, aka ce Alhaji yana tare da manyan baƙi. Ta aje atamfar bisa bencin maigadi, ta ɗora daddawar a kai, ta ce a kai wa mai jego, ta juyo.

Wani mutumin garinmu ya gan ta a can, ya kawo zancen ƙofar masallaci. Maigida mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya shigo ko sallama bai gama ba.

"Gwaggo, an gan ki ƙofar gidan mutane cikin maroƙa. Me muka rasa a gidan nan?"

"Me kuka rasa? Kai ka sani."

"Wanda ya tafi ya tafi. Abokansa ba danginmu ba ne, kowa ya kama gabansa. Ki bar mutane su manta."

Ta tofar da taba, ta dube shi tun daga ƙafa. "Na goya ka, na goya shi. Kai an hana ka faɗin sunansa, ita an hana ta. Ni wa ya hana ni? In ni ma na yi shiru, a gidan nan wa ya rage?"

"To kada a ƙara kawo mani labarinsu cikin gida."

"Da kai nake kawo ma? Akuyata nake ba."

Ya fita. Da la'asar ta zauna wurin turke, ta ce, "Dogo an ce ya yi ƙiba, ya sa haƙorin Makka. Jaririn ban gan shi ba." Ta tsaya nan. Ranar ce kaɗai ta dawo ba guntun komai nasa, ta daɗe zaune tana cire wa akuyar ƙarangiya. Sun ɗauki lokaci gaisuwa kawai ke haɗa su da maigida. Amma da kasuwa ta zagayo, na ji bugun ƙota bayan danga.

Da bazara ƙyanda ta shiga Kankara, ta ɗauke yaron nan na Dogo. Lokacin an tsayar da biyan kwangila, motocin da ke cika ƙofarsa sun ragu. Gwaggo na ji ta ɗaura zane. Na ce mata a hankali, ai gidan da aka bar ta a waje ne. Ta ce, "Ranar suna kowa na da ƙafa." Ta iske ƙofar a buɗe, ba maigadi. Matar yarinya ce 'yar birni, uwarta na nesa, tana zaune cikin kujerun alfarma ba wanda ya dama mata ko kunu. Gwaggo ta kwana biyu a can tana dafa mata, tana sa ta ci. Dogo ya shigo ya durƙusa, ya fara cewa, "Gwaggo, ranar nan..." Ta ce, "Duƙa da kyau, har yanzu kana tahiya da rufin ɗaki." Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Da ta dawo ta gaya wa akuya duk wannan, sannan ta ce, "Ya ce shi ya raka ɗana sayen babur ɗin, shi ya ce a ɗauki jan. Tun ranar yake jin nauyin haɗa ido da ni. Na ce mashi kwana ne ya ƙare, ba launi ba." Bayan danga ba a buga komai ba har ta tashi.

Na ɗan Sheme shi ne labarin da ba shi da ƙarshe. Da fari yana aiko hoto da sabulu mai ƙamshi. Daga baya sai a bakin direbobi ake jin an gan shi. Daga nan ko wannan babu. Uwarsa ta koma bakin titi da farantin gyaɗa, ba don ciniki ba, don ta riƙa duban motocin da ke fitowa daga kudu, ga idon ya kusa tafiya. Gwaggo ba ta wuce direban babbar mota ba ta tambaye shi ba. Kuma ba ta taɓa yi wa matar ƙarya don ta ji sanyi ba. Abin da take ce mata kullum, "Ban ji mummuna ba." Wata rana ta ce da akuya, "Uwar ɗan Sheme ta ce mun fi ta, mu mun san inda namu yake kwance. Ban musa mata ba."

Na Damari shi bai je ko'ina ba. Yana nan malamin firamare da kekensa, 'ya'ya mata a jere. A markar nan Allah Ya ba shi namiji, ya aiko ta bakin mai kuka cewa sunan abokinsa zai sa. Maigida ya ce Gwaggo ta bari ruwa ya tsagaita. Ta ce suna ba ya jiran rana ta fito. Suka tafi ita da mai kuka. Motarsu ta kafe a hanya, suka sauka suka ratsa rafi da ƙafa, ruwa har ƙirji, kwando bisa kai. Ta je, ta dawo da tari. Ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba.

Ana gobe za ta rasu, da la'asar, ta ce in jawo mata akuyar bakin ƙofa. Na kwanto ta, na kawo. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Mai da ta. Zo ke."

Na zauna bakin gado. Tun da aka kawo ni gidan ba ta taɓa yi mani zancensa ido da ido ba.

"Lafiyarsu lau," ta ce, tana hutawa tsakanin magana. "Mai jego ta samu ruwan nono. Sun sa sunan. Liman ya faɗe shi da ƙarfi, na ji da kunnena. Na manta rabon da in ji shi a bakin namiji. Yaron baƙi ne, ga kunnuwa, ga ci." Tari ya tare ta, na ba ta ruwa. "Na Damari ya ce ya tuno wani abu, na ranar da suka fara isa makaranta, abin da ɗana ya yi da aka buɗe akwatinsa. Baƙi suka yi yawa. Ya ce in na dawo." Ta rufe ido. "Ban karɓo ba. Yana can."

Ban tashi na bar wurin ba.

Kwanakin zaman makoki suka wuce, ba ko ɗaya daga cikinsu. Ban ga laifinsu ba. Manyan mutane a rediyo ake sanar da rasuwarsu, mu ba mu san ƙofar gidan rediyo ba. Mai kuka ƙafarta ta kumbura tun ratsa rafin nan. Wata 'yata ta ce tunda na iya rubutu in ba direba takarda. Amma Gwaggo ba ta taɓa aika rasuwa a takarda ko a bakin ɗan kamasho ba. Zuwa take, ta zauna, ta sha ruwan gidan. Ban ga yadda za a aika tata a ninke cikin aljihun wani ba.

Aka yi sadakar bakwai, aka naɗe tabarmi, baƙi suka watse. Ranar ta zo daidai da kasuwar Sheme. Da la'asar akuyar ta miƙe ta ja igiya tana duban ƙofa, tana kuka. Ina madafa. Bayan danga na ji an buga ƙota, an sake bugawa, sai aka daina. Muka zauna haka mu uku, ba mai magana, har aka kira magariba. Shirun nan na san shi, shi ne wanda ya sauka gidan bayan an tura akwati ƙarƙashin gado. Wancan karon akwai wadda ta kore shi.

Na yi tunani. Su ba su san fuskata ba, tuwona suka sani. Zan iya cewa daga gidan Gwaggo nake, su karɓe ni, su yi kuka, su ba ni ruwa. Amma abin da ya rage a Damari ba baƙuwa za a ba ba. Za a tambaye ni ko ni wace ce a wurinsa, za a kuma miƙo mani jariri a faɗi sunansa, a jira in amsa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo. Ya yafe mata kaifin bakinta, Ya sa kowane taku da ta yi a taɓo da rana ya zame mata nauyi a mizani. Ya haɗa ta da yaron da ta goya, ta ba shi labarin abokansa da kanta.

Da gari ya waye ruwa ya ɗauke. Na zuba sauran daddawarta cikin kwando, na ƙulla kuka da ɗan sabulu na mai jego, na yafa mayafi. Na kai wa akuyar dusa. Na ji motsin maigida bayan danga, ya dawo daga masallaci bai shiga ɗaki ba.

Na tsaya gaban turken, na ce, "Ke Ja, in an bar ni, zan je Sheme, in wuce Damari, in Allah Ya yarda har Kankara. Zan gaya masu Gwaggo ta rasu. Zan ce ni ce uwar..." Na faɗi sunan. Ya fito da ƙyar, kamar ƙyauren da damina ta kumbura, amma ya fito duka.

Akuyar ta ci gaba da cin dusarta. Na jira.

Maigida ya zagayo. Bai dube ni ba. Ya sunkuya ya ɗauki kwandon, ya ɗora mani a ka, ya gyara gammon. Sannan ya juya wajen akuyar, ya yi gyaran murya, ya ce, "A gaishe su. A kuma tambayo mana abin da ya yi da aka buɗe akwatin."